A Kan Me Sabuwar Azara Za Ta Zauna? Kwatanta Hanyoyin Tallafe Katakan Silin a Tsohon Gidan Dutse

Wanda ya sayi tsohon gidan dutse a Birtaniya, a ƙauyukan Wels ne ko a jerin gidajen da aka gina wa ma'aikatan masaƙu a Biradfod da sauran garuruwan Yokshaya, yakan daɗe yana fama da fenti da tagogi bai san abin da ke bisa kansa ba, sai ranar da silin ya yi ciki ko filastarsa ta tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan. Idan kafinta ya ɓanɓare silin ɗin, abin da ake tararwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Katakan da suka ratsa ɗakin daga bango zuwa bango, waɗanda zan riƙa kira azaru tun da aikin azara suke yi ko da yake ba na giginya ba ne, tsakiyarsu na nan garau, amma bakinsu da aka binne cikin dutse ya ruɓe har mutum na iya nutsa tsinin wuƙa a ciki. Sabon katako ba ya wuyar samu. Abin da ke raba kan magina da kafintoci da injiniyoyi shi ne inda bakin sabuwar azara zai zauna, kuma kuskuren da aka yi a nan ba ya bayyana sai bayan shekaru, lokacin da an riga an rufe komai an shafe da fenti.

Dole a fara sanin irin bangon da ake magana a kai. Gidajen da aka gina kafin 1919, shekarar da hukumomin Birtaniya suka saba ɗauka a matsayin iyakar ginin gargajiya, mafi yawansu bangonsu a toshe yake, ba shi da ratar iska a tsakiya irin wadda ta zama ruwan dare tun daga shekarun 1920 da 1930. Bangon dutse na gidan talaka yakan kai kaurin milimita 450 zuwa 600, wani ma ya zarce haka, sai dai kaurin yana ruɗin ido. Fuska biyu ce, ta waje da ta ciki, aka jera da duwatsu masu girma daban-daban, aka cika tsakaninsu da tsakuwa da ɓaraguzai da kwaɓin farar ƙasa, wani lokaci ma da laka kawai, sai jefi-jefi a ratsa dogon dutse guda da zai ɗaure fuskokin biyu. Irin wannan bango yana shan ruwan sama, ya kuma fitar da shi idan iska ta kaɗa, amma a yammacin ƙasar, inda ruwa ke zuwa da iska daga Tekun Atalantika, bangon da ke fuskantar kudu maso yamma yakan yi watanni bai bushe ba. Katako kuwa da zarar laimar cikinsa ta wuce kimanin kashi 20 cikin 100 kuma ta daɗe a haka, naman gwarin da ke ruɓar da shi ya sami mazauni, ƙwarin da ke huda katako su biyo baya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda azarar soro ke lalacewa daga bakinta idan indararo ya toshe ruwa ya kwanta a rufi, ya riga ya fahimci rabin zancen, illa dai a can gara ba ta cikin lissafi.

Akwai tambayoyi biyu da amsarsu ke rage yawan zaɓin tun kafin a taɓa guduma. Ta farko, mene ne a saman silin? Idan sararin da ke ƙarƙashin rufi ne kawai, inda ba a shiga sai don gyara, lissafin injiniyoyin Birtaniya yana ɗaukar kimanin kilo 25 a kowane murabba'in mita, da ƙarin nauyin kimanin kilo 90 a wuri guda, wato mutumin da ya hau ya tsaya. Idan kuwa azarun nan su ne kuma ƙasan ɗakin bene, adadin ya koma kimanin kilo 150 a kowane murabba'in mita, ban da nauyin katakon kansa da filasta. A ɗauki ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5 a matsayin misalin da za a yi ta komawa gare shi. Idan akwai ɗaki a sama, nauyin da za a lissafa ya kusa tan 4, kowane ɗaya daga bangwayen biyu da azarun suka dogara a kansu zai ɗauki tan 2. Idan silin ne zalla, abin bai fi tan ɗaya da ɗoriya ba. Hanyar da ta wadatar ga na biyun tana iya zama ganganci ga na farkon.

Tambaya ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa da ita, kuma ta fi ta farko hatsari. A ɗakin da ke can sama, azarun silin sau da yawa su ne gindin alwatikar rufi: katakan rafta biyu sun haɗu a ƙololuwa, nauyin rufin na tura ƙafafunsu waje, azarar da aka ɗaure a ƙafafun ce ke riƙe su. Rufin da aka yi da falalen dutse yana da nauyi ƙwarai, saboda haka idan aka cire azarun gaba ɗaya a rana guda, ko aka maye gurbinsu da waɗanda aka rataye a bango ba tare da an ɗaure su da raftar ba, rufin zai fara buɗewa a hankali, ya tura saman bangon waje. A wannan hali babu wani kwatance da za a yi. Sabuwar azara ta hau kan katakon da ke kwance a saman bango, a ɗaure ta da ƙafar rafta da noti ko ƙusoshi gwargwadon yadda injiniya ya tsara, idan kuma guda biyu ne suka haɗu a kan bangon tsakiya a ɗaure mahaɗarsu sosai domin ja take ɗauka, sannan a riƙa sauya su ɗaya bayan ɗaya. Ko a silin na ƙasa ma azaru na da aikin riƙe bango kada ya yi ciki zuwa waje, kuma ƙa'idojin gini na Ingila sun tanadi ɗaurin ƙarfe mai faɗin milimita 30 da kaurin milimita 5, a tazarar da ba ta wuce mita 2 ba, domin haɗa bene da bango. Za a ga yadda wannan batu ke bin kowace hanya.

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce mayar da sabuwar azara cikin gurbin tsohuwar. Hujjar masu goyon bayanta mai ƙarfi ce: nauyi yana sauka kai tsaye a kan dutse, cikin jikin bango, ta inda ya saba bi shekara ɗari ko ɗari biyu, ba a dogara da noti ko gam ba, kuma azarar da ke cikin gurbi tana taimakawa wajen riƙe bangon. Kuɗin kayan aiki kaɗan ne. Abin da take ci shi ne lokaci da haƙuri. A ɗakin misalinmu, idan an jera azaru a tazarar milimita 400, ana bukatar kimanin 14, wato gurbi 28, kuma ba za a sami biyu da suka yi daidai a zurfi ko a tsayi ba, domin magabata sun bi dutsen da suka samu ne. Kowane gurbi sai an share shi, an fitar da ruɓaɓɓen katako har ƙurarsa, an gyara ƙasansa da kwaɓin farar ƙasa, an daidaita tsayinsa da ɓallin dutsen sileti, wanda ba ya matsewa kuma ba ya shan ruwa. Guntayen katako da wasu ke cusawa a ƙarƙashi su ne farkon abin da zai ruɓe. Magina sukan so bakin azara ya zauna a kan dutse da kimanin milimita 90 zuwa 100.

Akwai kuma wata wahala da ba a ganinta sai an zo aiki: azarar da za ta shiga gurbi biyu ta fi ɗakin tsawo, to ta yaya za a shigar da ita? Ko dai a zurfafa gurbi ɗaya ninki biyu, a tura ta ciki sannan a ja ta baya, ko a buɗe saman gurbin a sauke ta, ko kuma a yi ta gida biyu a haɗa a kan wani bango ko bim, wato babban ƙarfe ko katakon da ke ratsa tsakiyar ɗaki. Zurfafa gurbi 14 a jere a bangon da cikinsa tsakuwa ce abu ne da ke bukatar hattara, domin kana cire dutse ɗaya na kusa da shi ya motsa, ƙaramin rami ya zama kogo.

Babbar matsalar wannan hanya ita ce laima, tun da an mayar da katako inda ɗan'uwansa ya ruɓe. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa, wato a naɗe bakin azara da leda tamau, a cusa, a toshe da siminti. Ledar da ta hana ruwa shiga ita ce za ta hana shi fita idan ya sami ƙofa, siminti kuma ya fi dutsen da farar ƙasar tauri, yana tare laima a bayansa. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi amfani da katakon da aka yi wa magani, a ƙara shafa maganin, irin mai sinadarin boron, a duk inda zarto ya yanka, a raba katakon da dutsen ta ƙasa, a bar 'yar rata a gefe da baya domin iska ta zagaya. A ganina, idan bangon na cikin gida ne, ko na waje ne amma an gano inda ruwa ke shigowa an toshe, kuma guraben suna da kyau, babu hanyar da ta kai wannan. Idan kuwa bangon da ke shan ruwan kudu maso yamma ne kuma har yanzu a jiƙe yake, mayar da katako cikinsa sake shuka matsalar ce.

Hanya ta biyu ita ce wadda kafintocin yau suka fi so. Ana kwantar da dogon katako mai kauri a jikin bango, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar ɗamara, a ɗaure shi da rodi mai zaren noti da aka dasa cikin dutse, sannan a rataye azaru a jikinsa da maratayan ƙarfe masu kama da likkafa, irin waɗanda kamfanoni kamar Simpson Strong-Tie ke yi. Fa'idarta a fili take. Da zarar an daidaita ɗamarar biyu da ma'aunin lebur, silin gaba ɗaya ya daidaita. Ana yanka kowace azara daidai da faɗin ɗaki a sauke ta a likkafarta. Ana iya zaɓar tazarar milimita 400 ko 600 domin ta dace da allon filasta mai faɗin milimita 1200 da tsawon 2400. Kuma bakin katako, wanda ta nan yake shan ruwa kamar tsinken rake, ya fita daga cikin bango. Tsofaffin guraben sai a cike su da dutse da farar ƙasa.

Sai dai duk nauyin yanzu ya koma kan roduna. Idan aka dasa su a tazarar rabin mita a bangon mita 5, guda goma ko goma sha ɗaya ne za su raba tan 2, kowane ya ɗauki kusan kilo 200. Ga rodi mai kaurin milimita 12 ko 16 wannan ba komai ba ne; abin tambaya shi ne dutsen da aka dasa shi a ciki. Alƙaluman ƙarfin da masu ƙera waɗannan kaya ke bugawa an auna su ne a kankare ko bulo, inda kowane rami yake kamar ɗan'uwansa. A bangon da aka jera da duwatsu barkatai, rami ɗaya zai faɗa tsakiyar dutse mai girman buhu, na gaba ya faɗa kan ɗan dutsen da bai fi dunƙulen hannu ba, na uku ya faɗa cikin kwaɓin da ke zubewa kamar gari. Saboda haka ba a huda katako tukuna sannan a bi ramukan. Ana kankare filasta, a duba fuskar dutsen, a yi wa manyan duwatsu alama, sannan a mayar da alamun kan katako, wasu sama wasu ƙasa domin kada katakon ya tsage a layi ɗaya. Notin da ke buɗewa a cikin rami idan an ɗaure shi bai dace ba, domin yana iya fasa dutse ko ya ture shi daga mazauninsa. Gam ɗin rezin da ake ɗurawa a rami, irin na Hilti ko Fischer ko Rawlplug, shi ne ya dace, da sharaɗin a busa ƙurar ramin a goge shi sosai, idan kuma ramin ya faɗa cikin kogo a sa masa rigar raga da za ta riƙe gam ɗin, in ba haka ba a ɗura bututu guda cur ya ɓace cikin bango. Rodin ya kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin wanda ya yi tsatsa yana kumbura ya fasa dutse. Irin dutsen ma yana da tasiri: giranit na birnin Abadin a Sikotlan yana cinye bakin abin huda amma yana riƙo, dutsen yashi da na farar ƙasa suna huduwa cikin sauƙi, wasu nau'o'insu kuma suna da taushi. Injiniya mai hankali yakan ce a ja wasu daga cikin rodunan da na'ura a gwada kafin a ɗora musu kaya.

Wani abin da ake rainawa shi ne rashin miƙewar bangon. Katako a miƙe yake, bango kuwa yana da tudu da kwari, har a sami ratar yatsa biyu ko uku a wani wurin. Rodin da ya ratsa wannan rata babu abin da ya tokare shi, ba yankewa zai yi ba, lanƙwashewa zai yi a hankali. Dole a cike bayan katakon daidai wurin kowane rodi da abu mai tauri, ko a fara shafe layin da kwaɓin farar ƙasa a daidaita shi. Idan bangon na da laima, a raba katakon da shi da shimfiɗar hana ruwa. Sannan a tuna cewa likkafa tana ɗaukar nauyin da ke dannawa ƙasa ne, riƙonta ga ja kaɗan ne, kuma ɗamarar ta kama fuskar ciki ta bangon kawai. Don haka ɗaurin ƙarfen nan da aka ambata sai an ƙara shi daban. Ga silin zalla, ko bene mai matsakaicin faɗi a bangon da ke da manyan duwatsu masu lafiya, wannan hanya ta fi kowace sauri da tsabta. Ga bangon ƙananan duwatsu da aka kwaɓa da laka, ba zan amince mata da ɗakin kwana a sama ba. Wasu na sauya ɗamarar katako da ƙarfe mai kusurwa, wanda ba ya ruɓewa kuma bai cika tsayi ba, amma dogaronsa a kan rodunan nan ne, don haka duk abin da aka faɗa ya shafe shi.

Akwai maratayan da ake cusa leɓensu kai tsaye cikin layin kwaɓin bango, ba tare da ɗamara ba. An yi su ne domin ginin bulo mai layi a miƙe, kuma masu yin su kan nemi a sami ginin da ya bushe mai tsayin kimanin milimita 675 a samansu domin ya danne su. Bangon dutse barkatai ba shi da miƙaƙƙen layi ko ɗaya, fuskarsa kuma ba ta kwanta yadda bayan maratayin zai manne ba. A bar su.

Idan ɗakin na da faɗi, ko bangwayen da azaru suka saba zama a kansu ba abin yarda ba ne, sai a duba bim na ƙarfe ko na katako mai kauri da zai ratsa tsakiya. Amfaninsa ya fi yadda ake zato, domin lanƙwasar katako a ƙarƙashin nauyin da ya bazu tana ƙaruwa da tsawonsa ninki kan ninki: idan aka raba tsawon biyu, lanƙwasar ta koma kashi ɗaya cikin 16. Kafintocin Birtaniya na da tsohon lissafin ka na benen gida, cewa a raba tsawon a ƙafa gida biyu a ƙara biyu, abin da ya fito shi ne zurfin azara a inci. Ɗaki mai ƙafa 12 na son azara mai inci 8, mai ƙafa 6 kuwa inci 5 ta isa. A gidan da rufinsa ke kusa da kai, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Bim yana kuma ba da damar juya azarun su fuskanci wani ɓangare, a ɗauke su daga jiƙaƙƙen bango. A ɗakin misalinmu, bim na tsakiya zai kwashe rabin nauyin, tan 2, ya sauke tan ɗaya a kowane bakinsa, a wurin da bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Shi ya sa ake yi masa gammo, wato tubalin kankare ko dutse guda mai faɗi da aka zaunar a cikin bango domin ya baza nauyin, kuma ba a ɗora shi a saman taga ko ƙofa ko kusa da tsaga. Maimakon ƙananan ramuka 28 an koma manya biyu da za a yi da kyau. Amma bim bai kawar da tambayar inda bakin azara zai zauna ba, ya rage mata nauyi ne kawai, tun da ɗaya bakin kowace azara na nan yana neman mazauni, sai dai yanzu abin da yake saukewa rabi ne, wanda ɗamara za ta ɗauka hankali kwance. Kuɗinsa ya fi yawa, dole injiniya ya lissafa shi, shigar da shi ta ƙaramar ƙofa aiki ne na mutane da yawa, bakinsa na son fenti mai hana tsatsa, jikinsa kuma na son rufin da zai kare shi daga gobara.

Wata hanyar kuma ita ce a ƙyale dutsen ɗungurungum, a tayar da sabon bangon katako a cikin ɗakin, ɗan nesa da tsohon, azaru su hau kansa. Masu mayar da tsofaffin rumbuna da garken dabbobi gidajen zama sun saba da ita, domin tana zuwa tare da abin hana sanyi da hanyar wayoyin lantarki. Tana cin kimanin milimita 100 zuwa 150 a kowane gefe, wanda a ƙaramin ɗakin ƙauye asara ce da ake ji. Tana bukatar daɓen da zai iya ɗaukar nauyin. Tana ɓoye dutsen da wataƙila dominsa aka sayi gidan. Tana barin bangon da sanyi fiye da da, inda raɓa ke iya taruwa a bayanta ba a gani. Kuma bangon dutsen da aka raba da azarunsa ya rasa abin da ke riƙe shi sai an ɗaure su. Ba zan zaɓe ta don silin kaɗai ba, sai idan da ma an yi niyyar yi wa ɗakin riga daga ciki.

Kafin a huda komai, yana da kyau a kankare filasta a duba ko magabata sun bar mazauni. Bangwaye da yawa suna rage kauri idan sun hau bene, su bar ɗan dakali a ciki, wasu kuma na da duwatsun da suka leƙo domin ɗaukar katako. Inda aka sami wannan, sai a kwantar da katako a kai bisa shimfiɗar hana ruwa, azaru su hau, an haɗa alherin gurbi da na ɗamara ba tare da rodi ko rami ba.

Haka kuma ba kowace azara mai ruɓaɓɓen baki ce ta cancanci a jefar ba. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine ta SPAB, wadda William Morris ya jagoranci kafawa a 1877, ta daɗe tana kira da a gyara maimakon a sauya, kuma a wannan batu kiran nata yana da hujja ta aljihu. Ana iya yanke ruɓaɓɓen bakin, a ɗora sabon guntu da farantan ƙarfe da noti, ko a jingina sabon katako a gefen tsohon a ɗaure su tare, a bar tsohuwar filasta mai ado a ƙasa ba a taɓa ta ba. Idan tsohon katakon na itacen ok ne, ƙarfen ya zama wanda ba ya tsatsa, domin ruwan wannan itace yana cin ƙarfe. Banda guda ita ce idan naman gwarin da ake kira busasshiyar ruɓa ne ya kama, wanda zarensa ke ratsa kwaɓin bango ya kai ga katakon da ke nesa. A nan sai an yanke har cikin lafiyayyen katako, an kuma busar da wurin.

Duk hanyar da aka zaɓa, katakon gini a can yana zuwa da hatimin ƙarfinsa, C16 ko C24, na biyun ya fi ƙarfi, kuma ba a kusantar da shi ga bututun hayaƙi: ƙa'idar ita ce milimita 200 daga cikin bututun, ko milimita 40 daga bayan gininsa. Magabata sun sha cusa azara a jikin murhu, ba dalili ba ne na maimaitawa. Sauya azaru aikin ƙashin gini ne, saboda haka ana sanar da ofishin kula da gine-gine. Idan gidan na cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, dokar 1990 ta Ingila ta mai da taɓa irin waɗannan sassa ba tare da izini ba laifi, kuma jami'in da ke kula da su yakan fi karkata ga gurbin asali da gyara a kan ɗamara da rezin. Idan kuma bangon na tarayya ne da maƙwabci, kamar a jerin gidajen Biradfod, dokar 1996 ta wajabta ba shi sanarwar wata biyu kafin a huda bangon domin zaunar da bim.

Sannan akwai batun lokaci. Magina na da lissafin cewa jiƙaƙƙen bango na bushewa kimanin inci ɗaya a wata, saboda haka bango mai kaurin ƙafa biyu yana iya ɗaukar kimanin shekara biyu bayan an gyara magudanar ruwan rufi, an cire simintin da aka liƙe tsakanin duwatsu an mayar da farar ƙasa. Mai gidan da zai iya tokare tsohon silin da dogaran ƙarfe ya jira, yana auna laimar guraben lokaci-lokaci, sau da yawa zai tarar bangon da a watan Janairu ba ya karɓar komai sai ɗamara ko bim, zuwa ƙarshen bazara ta biyu ya bushe har a iya mayar da azara cikin gurbinta.